Ƙofar direba da ba ta kamawa: kundin aikin wata tsohuwar Carina E a Birnin Kebbi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An kawo motar da hantsi. Toyota Carina E ce, wagon, ƙirar 1995, 'yar Kwatano, tana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Kamba, wani lokaci Jega. Daga 1992 zuwa 1997 aka yi irin wannan ƙirar kafin Avensis ta gaje ta, don haka ko autar cikinsu ta kai shekara 27. Ƙofar direba ce ta gaji, ita ce kuwa ake buɗewa fiye da kowace ƙofa a jikin mota.

Ƙorafin direban a taƙaice: "Maigida, ƙohwag ga sai an ɗaga ta an buga kana ta kama. In na hau hanya iska na shigowa da hito, ƙura har cikin hanci." Ya ƙara da cewa fitilar rufi tana ƙyaftawa idan ya shiga gargada.

Yau ba a taɓa sufana ba, awo kawai aka yi. An ajiye motar a kan daɓen siminti mai lebur, tayoyinta huɗu a ƙasa. Bodin tsohuwar mota yana murɗewa idan tana kan jak ko taya ɗaya na cikin kwari, kuma duk awon da aka yi a haka ƙarya ne.

An buɗe ƙofar kamar taƙi ɗaya, aka kama ƙarshenta ta ƙasa aka ɗaga. Ta motsa har da ƙara. Wanda ya ɗora yatsa a kan hinjin sama ya ji fin, wato sandar ƙarfen da hinji ke juyawa a kanta, yana rawa a cikin raminsa. Don a san yawan saukar, an manna tef a bakin wannan ƙofa da bakin ta baya, aka ja layi ɗaya ya ratsa su biyun tana rufe. Da aka ja hannu makulli ya saki, layin ya sauka milimita 9.

Ke nan duk rufewar da ake yi, ƙarfen nan mai siffar U da ke ɗaure a jikin filar tsakiya, wanda makulli ke cafkewa, shi ke ɗaukar nauyin ƙofar yana tura ta sama. Makama za mu riƙa kiransa a wannan kundi. Samansa ya ci, yana ƙyalli, da kwarmin da ya kai milimita ɗaya da rabi. Aikin makama riƙe ƙofa ne kada ta buɗe. Ɗaukar nauyi aikin hinji ne.

Ratar da ke tsakanin ƙofa da fenda: milimita 7 a sama, 3 a ƙasa. Ta bakin baya kuma akasin haka, 2 a sama, 7 a ƙasa. Kusurwar ƙasa ta goge fentin dokin ƙofa har ƙarfe ya fito. An bi roba da gwajin takarda a wuri goma: a sa takarda, a rufe ƙofa a kanta, a ja. A wuri huɗu, duk a sama da kusurwar baya, takardar ta zare salin alin.

Wani ya riga mu taɓa aikin. An sassauto da makama ƙasa, an tura ta ciki, an kuma liƙa yankin tsohon tib a kan roba da gam. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ƙofar ta ƙara tauri, iskar ba ta daina shiga ba, makulli kuma yana ta shan duka.

Talata, 7 ga Janairu

Kafin a kwance komai, ga lissafin da ke sa mutane mamaki. Tsakanin hinjin sama da na ƙasa santimita 33 ne a wannan ƙofa, tsawonta kuma daga hinji zuwa makulli ya ɗan haura mita ɗaya. Saboda haka wasan milimita ɗaya a hinji yana zama kusan uku a ƙarshen ƙofa. Saukar milimita 9 ba ta buƙatar fiye da wasan milimita 3 idan an haɗa na hinjin biyu. Ido ba ya ganin wannan, shi ya sa ake ɗora wa makulli laifin da ba nasa ba. Nauyin ƙofa yana jan hinjin sama baya, yana tura na ƙasa gaba, kuma na sama ne ya fi saurin ci.

Yadda aka sauke ta. An fara cire kan batir na nagatif. An sauke gilashi, an cire hannun wainda da marfin ciki a hankali saboda maɓallan robarsa sun bushe, uku sun karye duk da haka. Wayar sifika kaɗai ke ratsawa zuwa cikin ƙofar, an zare ta. Sannan birkin ƙofa, wato ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin hinjin biyu mai hana ƙofa wuce iyakarta: an raba shi da fila, an kwance notunansa biyu da sufana 10.

Da farin fenti aka zagaye kowane hinji, ta jikin fila da ta jikin ƙofa, kafin a sassauta ko noti ɗaya. Wannan shatin shi ne madogara ranar mayarwa. An tallafi ƙasan ƙofar da jak, da katako da tsumma a tsakani don kada bakin kwanon ya lotse, mutum ɗaya yana riƙe da ita. Ƙofar gaba da gilashinta ta haura kilo 20, kuma idan noti na ƙarshe ya fita, gaba take faɗawa ta daki fenda. An kwance na ƙasa tukuna, na sama a ƙarshe, duk da sufana 12.

Notunan da ke ɗaure hinji a jikin fila suna ɓoye a bayan fenda. Miƙaƙƙiyar sufana ba ta isa gare su sai an cire fenda. An ɗauki tsohuwar ringi 12 aka gasa wuyanta aka lanƙwasa, ta shiga. Duk mai aikin bodi ya kamata ya ajiye irinta.

An cire makama ita ma, an ajiye gefe. Sukurorinta biyu kan giciye ne, wanda ya gabace mu ya cinye kawunansu, sai da sukudireban duka suka motsa. A wasu motocin kan tauraro ne. Abin lura: bayan fila akwai feletin da sukurorin ke shiga, yana cikin wani ɗan keji da ke ba shi damar motsi. Idan kejin ya yi tsatsa ya ɓalle, feletin yana faɗawa cikin fila, kuma fito da shi aikin yini ne. Don haka a cire sukuru ɗaya, a ɗaura dogon noti a gurbinsa, sannan a cire na biyu.

Laraba, 8 ga Janairu

Hinjin biyu suna kan bais. Finin irin wannan hinji ba a yi shi don cirewa ba, an daddale ƙarshensa tun daga kamfani. An goge daddalen da giranda, aka buge fin da kurfi ya fita.

Na sama ya lalace sosai. Bushin ɗinsa, wato zoben da fin ke juyawa a cikinsa, ya cinye ta gefe ɗaya har ya huje, ƙarfe yana cin ƙarfe. Fin mai kaurin milimita 8 ya koma 7.4 a inda yake gogayya, ramin hinjin kuma ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai. Na ƙasa da sauƙi, bushin ya sirance amma ramin lafiya lau. Abin da ke cikinsu ba giris ba ne, busasshen laka ne: ƙurar hunturu ta haɗu da baƙin mai da ake ɗigawa, ta zama tamkar sampefa.

Hanya biyu ce. A sayi hinjin gwanjo, ko a gyara wannan. Matsalar na gwanjo ita ce yawancinsu daga ƙofar direba aka kwanto su, sun sha irin wahalar da namu ya sha. Akwai dabara ɗaya: motocin da aka yi wa kasuwar Ingila sitiyarinsu a dama yake, ƙofar hagu ta fasinja ce, hinjinta bai wahala ba. Idan mai kayan gwanjo yana da ƙofar hagu ta irin waɗannan, hinjinta ya fi. Ko ma wane aka samu, a ɗaure shi a bais a girgiza kafin a biya kuɗi. An duba guda uku yau, duk suna wasa, don haka gyara za a yi.

An faɗaɗa ramin na sama daga milimita 10 zuwa 11 don ya dawo zagaye, a injin huda na tsaye, ba da diril na hannu ba, domin kunnuwan hinjin biyu dole raminsu ya zama a kan layi ɗaya. An kai wa mai injin lez awo: bushin na tagulla, wajensa 11.05 don ya shiga da matsi, cikinsa 8, da leɓe mai kaurin milimita ɗaya da rabi a kai. Leɓen nan shi ke ɗaukar nauyin ƙofa daga sama zuwa ƙasa, idan babu shi kunnuwan hinji za su riƙa cin juna. Na ƙasa kuma awonsa na asali.

Maganar fin: rodin gini ko babbar ƙusa ba su yi, ƙarfensu laushi ne da shi, wata kaɗan sun ci. Noti namiji M8, wato mai kaurin milimita 8, mai lambar ƙarfi 10.9 a kansa aka saya, dogo, yadda santsin wuyansa zai ratsa bushin gaba ɗaya. Idan zaren noti ya zauna cikin bushin, zarto ya zama.

Alhamis, 9 ga Janairu

Bushin sun dawo. An matsa su ciki da bais, ba da guduma ba. Bayan matsawa cikinsu ya ɗan tsuke, kamar yadda tagulla ke yi, fin ya ƙi shiga. An bi su da rima, ƙarfen da ke daidaita faɗin rami, har fin ya shiga da turin babban yatsa, babu rawa. An shafa giris, an ɗaure ƙasan kowane fin da macen noti mai roba a ciki wadda ba ta kwancewa da jijjiga. Ba a matse ta har hinji ya ƙage ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da aka wanke goshin ƙofar, inda hinji ke zama, da kananzir, sai ga tsaga ta fito daga ramin notin birkin ƙofa ta nufi mazaunin hinjin sama, tsawonta santimita 4. Datti ne ya rufe ta. Da an mayar da ƙofar a haka, sabon hinji ba zai hana ta sauka ba, don kwanon da hinjin ke riƙe da shi ne yake buɗewa.

Sanadin a fili yake. Birkin ƙofar ya mutu, robobin cikinsa sun cinye, ba ya riƙe komai. Duk lokacin da iska ta fizge ƙofa, ko aka buɗe ta da ƙafa a tasha, sai ta tafi da gudu ta tsaya da ƙarfi a ƙarshe, kuma wannan wurin ne ke shan bugun. Akwai ɗan lotsawa a bakin fenda da ke ba da shaida.

An huda ƙarshen tsagar ta kowane ɓangare da diril na milimita 3 don kada ta ci gaba da tafiya. An goge fenti har farin ƙarfe, faɗin yatsa biyu kowane gefe. An cire gilashi gaba ɗaya, domin tartsatsin walda yana nutsewa a jikinsa kuma ba ya fita. Kwanon wurin siriri ne, rodin walda na 2.5 huda shi zai yi, don haka da wutar kabayid aka yi, ɗigo-ɗigo, ana barin wuri ya huce kafin a ci gaba, da jiƙaƙƙen tsumma a kan fatar waje don fenti kada ya ƙone kwano kuma kada ya murɗe. Wanda zai yi da waldar lantarki ya nemi siririn rodi, ya kama wayar as, wadda wuta ke komawa injin walda ta cikinta, kusa da wurin aiki a jikin ƙofar kanta. Idan ƙofa na jikin mota kuma aka kama as a bodi, wuta ta cikin hinji za ta bi ta ƙona fin da bushin.

Ta ciki an ƙara feleti mai kaurin milimita 2, santimita 6 da 9, an huda shi daidai da ramukan birkin ƙofa. Ta waje an goge waldar ta kwanta lebur, saboda ko ɗan tudu a ƙarƙashin hinji yana karkatar da ƙofa. An shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje.

Tun da ƙofar na kwance, an zure ramukan zubar ruwa da ke ƙasanta da waya. Duk a toshe suke da laka. Ruwan damina da ke bin gilashi ya shiga ciki ta nan yake fita.

Litinin, 13 ga Janairu

Ranar rataya ƙofa. Wannan shi ne aikin da ke cin lokaci, kuma gaggawa a nan ita ke jawo a sake.

Makama tana gefe har yanzu, robar ƙofa ma an cire ta. Dalili: ana son a ga inda ƙofa ke tsayawa da kanta a kan hinjinta, ba inda makama ta ja ta ko roba ta tura ta ba. An fara duba ƙofar baya, domin da ita za a daidaita ta gaba. Ita tana daidai da bodin baya, wanda ba ya motsi, don haka ba a taɓa ta ba. Tsarin ke nan kullum: daga baya ake farawa a zo gaba, fenda ce ta ƙarshe.

An ɗaura hinji a kan shatin farin fentin nan, notuna a ɗan matse yadda ƙofa ba za ta zame da kanta ba amma za ta motsa idan an tura. Notunan jikin fila su ke kai ƙofa gaba da baya, sama da ƙasa. Na jikin ƙofa su ke shigar da ita ciki ko fito da ita waje.

Nan aka ci karo da wani abu da Toyota ke yi. Notunan jikin ƙofa suna da kafaɗa a ƙarƙashin kai wadda ke cike ramin hinji, tana tsayar da shi wuri ɗaya. Muddin suna ciki, duk yadda aka sassauta ƙofar ba za ta gusa ba. Sai an musanya su da notunan M8 na yau da kullum, da washa. Haka aka yi, tun da waldar ta ɗan sauya mazaunin hinjin sama, ana bukatar wurin motsi.

Abin da ake nema: rata milimita 4 zuwa 5 ta ko'ina, iri ɗaya daga sama har ƙasa, kuma layin da ke ratsa gefen mota ya miƙe daga fenda zuwa ƙofar baya ba tare da tsalle ba. An yanka guntayen katako masu kaurin milimita 5 aka jera a kan dokin ƙofa, aka ɗora ta a kansu. Layin gefe shi ne alƙali, ya fi ratar gaskiya, domin fendar tsohuwar mota sau da yawa an taɓa bugunta. Bakin gaba na ƙofa an bar shi ya shige ciki da rabin milimita zuwa ɗaya daga fenda, bakin baya kuma daidai da ƙofar baya ko ya ɗan fito kaɗan. Idan aka yi akasin haka, bakin ƙofa yana tarar iska, fito ba zai ƙare ba.

An bar ƙarshenta sama da layi da milimita 2 da gangan. Babu gilashi, babu injin wainda, babu marfi a jikinta yanzu, idan suka koma za ta sauka.

Sau biyar aka sassauta aka sake. A karo na uku ƙasan ƙofar ya fito waje da milimita 3 alhali sama na daidai. Notunan hinjin ƙasa kaɗai aka sassauta aka tura. Ƙa'idar ita ce hinji ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba duk abin da aka samu ya zube. Da ta zauna, an ɗaure notunan kimanin 25 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, abin da M8 ke ɗauka ke nan. Wanda ba shi da sufanar awo, ƙarfin hannu a kan sufana 12 ya isa, kada a ƙara mata bututu.

Wasu suna gyara saukar ƙofa da sa jak a ƙarshenta su ɗaga har hinji ya lanƙwashe. Ga hinjin da aka yi wa walda a jikin mota, wani lokaci babu makawa. Ga mai noti kuwa ɓarna ce, kuma irin tsagar da aka yi wa walda shekaranjiya take haifarwa.

Laraba, 15 ga Janairu

Makulli. Sukurori uku a bakin ƙofa, sai sandunan ƙarfe da ke zuwa hannun waje, hannun ciki da ramin ɗan makulli, kowane da maɓallin roba da ake juyawa kafin a zare. An ɗauki hoto da waya kafin a kwance, don sandunan suna kama da juna.

Makullin ƙofar mota mataki biyu gare shi. A cikinsa akwai ƙugiya mai juyawa da ke rungumar makama, da wani harshe da ke faɗawa cikin haƙoranta ya hana ta komawa. Haƙori na farko na tsaro ne, ƙofa ta kama amma tana rawa. Na biyu shi ne cikakken rufi. Ana gwadawa da jikin sukudireba a madadin makama: a tura cikin bakin makulli, a ji ƙas, a ƙara turawa, a ji ƙas na biyu. Namu na farko yana fita sarai, na biyu sai an yi sa'a. Fitilar rufin da ke ƙyaftawa daga nan take: ƙofar tana tafiya a haƙorin farko, tana sakin ɗan maɓallin fitila da ke jikin fila. Mota mai ɗaukar fasinja a hanyar Kamba da ƙofa a haƙorin farko ba abin wasa ba ne.

An jiƙa shi a kananzir awa ɗaya, an goge da tsohon buroshin haƙori, an busar da iska. Abin da ya fito ya kai cokali biyu na laka. Harshen ya dawo yana faɗawa da ƙarfinsa, sifirin ɗinsa lafiya lau, datti ne ya danne shi. Haƙoran ƙugiya ba su dakushe ba, amma robar da ke lulluɓe da ita ta ɓare ta sama, inda take hawa makama. Zai yi aiki, sai dai rufinsa zai fi na sabo ƙara. Da haƙoran sun yi santsi, canji ne kawai; ba a yi wa haƙorin makulli ciko da walda.

Giris kaɗan, a kan inda ƙarfe ke juyawa kawai. A garin da ƙura ke tashi wata huɗu a shekara, makullin da aka cika da giris tarkon ƙasa ne.

Wajen mayarwa an gano sandar hannun waje an taɓa lanƙwasa ta, ta gajarce, tana jan harshe kaɗan ko ba a taɓa hannu ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ƙas na biyu zama. An miƙe ta har hannun ya samu wasan milimita ɗaya zuwa biyu kafin ya fara ja. An mayar da gilashi, wainda da birkin ƙofa na gwanjo mai ƙarfi. Ƙofar ta sauko kan layi daidai.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sai yau makama ta koma. Ta gwanjo ce marar kwarmi, da sababbin sukurori. An ɗaura ta a ɗan sake, an ja hannun waje an riƙe, aka tura ƙofa a hankali aka sake buɗewa ba tare da sakin hannun ba, don makulli ya ja makama zuwa tsakiyar bakinsa da kansa. An shafa mata alli: gogewar ta fito a tsakiya, ba sama ba, ba ƙasa ba. Layin tef bai motsa ba tsakanin buɗe da rufe. Abin da ake so ke nan, ƙofa ta shiga ba hawa ba sauka.

Ƙugiya tana ɗan gogar gindin makama ta gefen fila. An yanka feletin alminiyam na milimita ɗaya daidai siffar gindin aka sa a ƙarƙashi, ta koma tsakiya. Shiga da fitar makama an bar shi sai roba ta zauna.

Asabar, 18 ga Janairu

Tsohuwar robar ta kwanta ta yi lebur a sama, ta tsage a kusurwa, ta kuma kumbura ta yi laushi a ƙasa inda ake shafa mata baƙin mai. Robar ƙofa irin EPDM ce, tana jure rana da ruwa amma ba ta shiri da fetur, giris ko baƙin mai. Man birki da wasu ke shafawa ba ya cutar da ita, sai dai fentin da ke gefenta yake ci. Silikon ko gilisarin na kemis su ne abin shafawa.

An samu ta gwanjo mai rai, wadda idan an matsa take dawowa. An kankare tsohon gam, an wanke hanyarta, an fara sawa daga kusurwar sama ta baya. Maɓallan roba ke riƙe ta a ramukan jikin ƙofa, ta sama kuma cikin kwarin firam take shiga. Ba a ja ta. Robar da aka ja wajen sawa tana komawa bayan kwana biyu ta bar kusurwa a buɗe. Inda maɓalli huɗu suka ɓace an ɗiga Evo-Stik a fuska biyu, an bari ya sha iska kafin a haɗa. Ƙananan hujojin da ke jikin robar na fitar iska ne idan ta matsu, ba a toshe su da gam.

Ga wanda bai samu roba ba: siririn bututun roba mai laushi, kaurin milimita 5 ko 6, a shafa masa ruwan sabulu a zura cikin ramin tsohuwar a inda ta kwanta. Yana ɗaga ta ta yi wata shekara. Ya fi liƙa tib a kai nesa ba kusa ba.

Gwajin takarda: wuri takwas sun kama, biyu a kusurwar sama sun saki. Ba laifin roba ba ne. Firam ɗin gilashi ne ya buɗe waje da kusan milimita 4, alamar an taɓa banƙare shi don ciro makullin da aka manta a ciki. An sauke gilashi har ƙasa, an sa gwiwa ta ciki daidai inda firam ke haɗuwa da jikin ƙofa, an jawo samansa da hannu biyu, kaɗan-kaɗan, ana rufewa ana gwadawa. Sau uku ya isa. Gilashi a sama kuwa, fashewa zai yi.

Sannan aka tura makama ciki da bugun gudumar roba har fatar ƙofa ta yi daidai da ta baya, aka ɗaure. Ƙofar ta ɗan yi tauri. An gwada da gilashi ɗaya a sauke, ta rufu da yatsa biyu, wato rabin taurin iskar cikin mota ce da yanzu ba ta da wurin tsira, sauran kuma roba ce da ba ta gama zama ba. Ba a fito da makama waje don wannan ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Gwajin hanya zuwa Kalgo da dawowa, har da ɗan ɓangaren da ba kwalta. Babu fito, fitila ba ta ƙyafta ba. An watsa ruwa da tiyo daga rufi minti biyar, ciki a bushe. Direban ya rufe ta da irin ƙarfin da ya saba, motar ta girgiza. "Malam, a hankali, ta daina buƙatar wannan," in ji babban gareji. An ce ya dawo bayan mako biyu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ta dawo. Layin tef ya sauka ƙasa da milimita ɗaya, bushin ne suka zauna. Noti ɗaya na hinjin sama ya karɓi ɗan ƙarin juyi, sauran suna nan daram. Wurin walda babu sabuwar tsaga. Roba ta kwanta, ƙofar ta fara ɗan rawa a kan makama, an tura makama ciki da rabin milimita, ƙas biyu suna fita da turi ɗaya. An share tsohon giris a bakin hinji an sa sabo, za a riƙa yin haka duk lokacin juyen baƙin mai.

An ɗaga ƙofar fasinja ta gaba don kwatance: tana sauka milimita 3, birkinta ma ya fara saki. An ba mai lez awon bushin ɗinta, motar za ta shigo ranar Asabar.